Muƙamar Maraga: Allah Ya Jiƙan Hariri!

Duk ɗalibin zaure a Dayi da ya kai ga ɗaukar Muƙamatul Hariri gaban malaminsa, ina roƙonsa don girman Allah kada ya yi gaggawar wuce muƙama ta shida, ta garin Maraga. Cikin guda 50 ɗin da Hariri mutumin Basra ya tsara kafin rasuwarsa a 1122, ita ce ta sace mini zuciya.

Marubuta ne suka cika majalisa suna ta zuba, wai fasaha ta mutu, babu sauran mai ƙago sabo. Can gefe ga wani dattijo ya yi tsit, Abu Zaidin Saruji ke nan, gwarzon muƙamomin. Sai Hariri ya kira shi mukhranbiƙ. Kai jama'a! Ba mai shiru kawai ba, wanda ya sunkuyar da kai ya yi likimo yana jiran lokacin zabura. Ya ƙara da mujrammiz, wanda ya tattara gaɓoɓinsa ya dunƙule wuri guda. Wanda ya taɓa ganin kyanwa a gindin rumbun dawa, ƙirji a ƙasa, kunne a miƙe, bakin wutsiya kaɗai ke motsi, ya ga dattijon nan. Furta kalmar mukhranbiƙ ma sai baki ya dunƙule sannan ya saki ƙaf ɗin ƙarshe.

Da ya tashi kuwa, wasiƙa ya shifta musu nan take: kalma ɗaya duk haruffanta masu ɗigo, mai bi mata babu ɗigo ko ɗaya, haka har ƙarshe. Wallahi tsigar jikina tashi take yi duk sanda aka biya wurin.

Su kuma masu surutu, Larabci bai bar su haka ba. Sa'alabi, cikin Fiƙhul Luga, hawa-hawa ya jera su: akwai mihzar, akwai sarsar, wanda hadisin Tirmizi ya ambata cikin waɗanda za su fi nisa da Annabi (SAW) ranar ƙiyama, har a kai baƙbaƙ da faƙfaƙ. Ji baƙbaƙ ɗin nan, sautinsa kaɗai ya tona asirin mai shi!

A haɗa karatun muƙamar da sharhin Sharishi, ɗan Andalus, domin shi ke warware irin waɗannan baƙin kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Mai zuwa Kano bayan an sayar da auduga ya tambayi masu littattafai a Kasuwar Kurmi.