Ɗan Riƙo a Gidan Balarabe: Wani Duba ga Shaihu Umar

A Kankiya da Kusada, kamar sauran ƙasar Katsina, riƙo ba baƙon abu ba ne. Goggo ta ɗauki ɗan ƙaninta bayan yaye, ko kaka ta karɓi jika don ya ɗebe mata kewa. Sharaɗin da ba a faɗa shi ne an san iyayen yaro, da hannunsu suka bayar, kuma ran sallah ana kai shi gaishe su. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna riƙon da ke cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933.

Umar ya taso agola a gidan Makau a Kagara. Makirci ya sa aka kori Makau, aka sace yaron, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wajen Abdulkarim, Balarabe mai fatauci a Kano, wanda ya tsallaka Sahara da shi zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar. A can bai sa shi bauta ba. Ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi makarantar allo, ya sauke, ya zurfafa a ilimi wajen Shaihu Mas'ud har ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar karatu gabansa.

A adabin Amurka abin a juye yake. Mammy ta Gone with the Wind (1936) da Calpurnia ta To Kill a Mockingbird (1960) baƙaƙen mata ne masu rainon 'ya'yan Turawa, kuma manazarta sun daɗe suna tambayar wa ke goyon nasu 'ya'yan. Wajen Ɓalewa mai ikon ne ke raino, yaron kuwa daga cikin waɗanda ake sayarwa ya fito. Abin da ya haɗa su ba nono ba ne, addini ne da karatu, shi ya sa launin fata bai cika tasowa a bakin Umar ba.

Sai dai Abdulkarim bai daina cinikin bayi don ya so yaro ɗaya ba. Umar, wanda ke ba almajiransa labarin a Rauta bayan ya manyanta, bai tuhume shi ba ko sau ɗaya. Komai ya jingina ga ƙaddara. Wasu na ganin wannan rauni ne na littafin. Ni ina ganin marubucin ya ajiye tuhumar a wani wuri: a jikin uwar. Ita ce ta bar gida tana cigiyar ɗanta, wani Balarabe mai suna Ado ya yaudare ta da alkawarin sada su, ta ƙare a bauta a ƙasar Tarabulus. Da suka haɗu, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta rasu. Larabawa biyu ke nan a littafi ɗaya, kasuwarsu ɗaya, ɗaya ya mai da ɗa shaihi, ɗaya ya mai da uwa baiwa.

Da a Kusada ne, dattawa ba za su kira wannan riƙo ba, domin babu wanda ya nemi yardar uwar, kuma babu ranar da aka sa za a mai da mata ɗanta.