A taka gonakin inabin La Rioja da ƙafa, kuma a je lokacin girbi

Duk wanda ya tambaye ni inda zai kai hutunsa, amsata ɗaya ce: arewacin Sifaniya, ƙarshen watan Satumba, kuma a ƙasa, ba a mota ba. Wallahi ban taɓa yin tafiyar da ta shiga raina kamar wannan ba!

Hanyar ita ce Camino de Santiago, tsohuwar hanyar ziyarar ibada ta Kiristoci, wadda ta taso daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa ta miƙe har Santiago de Compostela, kusan kilomita 780. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1993, kuma yanzu kowa na bin ta, mai ziyara da mai yawon buɗe ido. Ba sai ka cinye ta duka ba. Yankin da nake yi wa kirari bai wuce kilomita 120 da 'yan kai ba: daga Puente la Reina ka bi ta Estella da Los Arcos da Viana, ka tsallake kogin Ebro ka shiga Logroño, sai Nájera, sai Santo Domingo de la Calzada. Ɓata hanya sai ka so, don kibiyoyi masu ruwan ɗorawa na nan a jikin bango da duwatsu suna yi maka jagora.

To amma girbin, jama'a, girbin! Ka fito da asuba sanyi na ratsa riga, kafin rana ta ɗaga ka tarar gonaki sun cika da mutane, kowa ya duƙa a layinsa da 'yar lanƙwasasshiyar wuƙarsa, yana yanke nonon inabi yana jefawa a kwando. Tarakta ta wuce ka da tirela shaƙe, ruwan inabi na ɗiga a kan hanya, ƙudan zuma na biye da ita. Ƙamshin nan mai zaƙi yana bin ka har cikin gari, ya kama tufafinka. Hayaniyar da zafin naman sun tuna mini da ranar yankan gero, kowa na tsere da rana. Wanda ya wuce a mota zai ga kore da ja ta gilashi ne kawai. Mai tafiyar ƙasa shi ke jin ƙarar wuƙa da nishin mai ɗaukar kaya.

Da yawa cikin masu wannan aiki 'yan ci-rani ne daga Maroko da Senegal da wasu ƙasashen Afirka. Tsakanin Navarrete da Nájera na yi wa wasu sallama, wani ya ɗago kai da mamaki ya amsa, ya yanko nono guda ya miƙo mini, hannunsa ya rine ya koma shuɗi-shuɗi. Tempranillo ne, irin da aka fi nomawa a yankin: ƙananan 'ya'ya baƙaƙe, fata mai kauri, ga ƙwallaye a ciki, ga zaƙin da inabin kanti bai taɓa kusantarsa ba. Don Allah kada ka tsinka da kanka, guminsu ne da dukiyar mai gona. Ka gaishe su kawai.

Na san abin da wani zai ce: ai ƙasar giya ce. Haka ne, yawancin inabin nan giya ake yi da shi, ni kuwa ba na sha, kuma ban rasa komai ba. A Irache, da ka fita Estella kaɗan, akwai sanannen bangon nan mai famfo biyu, ɗaya giya ɗaya ruwa. Na cika gorata da ruwa na yi gaba. A shagunan abinci ka ce a ba ka mosto, ruwan inabi zalla da bai tsimu ba, mai sanyi, sai ka lumshe ido. Abinci dai a riƙa tambaya, don naman alade na shiga girkinsu sosai. Amma ga gasasshen jan tattasai da kaka ke kawowa, ga wainar ƙwai da dankali, ga gasasshen naman kaza a titin Laurel na Logroño, wanda har yanzu in na tuna sai yawuna ya tsinke.

In ka iya, ka daidaita tafiyarka ta faɗa a bikin San Mateo na Logroño, wanda babbar ranarsa ita ce 21 ga Satumba. A dandalin Espolón ake zuba inabi cikin bahon katako, maza biyu su shiga ba takalmi, su dafa kafaɗar juna suna tattakawa suna juyawa har ruwan farko na shekara ya zubo, gari ya ɗauki tafi. Sai dai ka kama masauki tun da wuri, don garin cika yake maƙil.

Daga nan sai Nájera da jajayen duwatsunta da suka tokare bayan gari, sai Santo Domingo, inda ake ajiye zakara da kaza masu rai a cikin babban cocin. Gonakin inabi na janyewa a nan, filayen alkama su karɓa. Ƙafa za ta yi bororo, don zangon Logroño zuwa Nájera kaɗai ya kusa kilomita 30, saboda haka ka zo da takalmin da ya riga ya saba da ƙafarka, kada ka sayi sabo ana gobe tafiya.