Masu Ƙidayar Zagayen Waya a Idi-Araba

Zafin Legas ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, don haka in fanka ta ƙone a Idi-Araba, unguwar nan ta Mushin da ke maƙwabtaka da asibitin LUTH, wajen mai naɗin koyil ake garzayawa da ita. Kafin ya zubar da ƙonanniyar wayar, sai ya ƙidaya zagayenta, ya rubuta adadin a jikin kwali, ya gwada kaurinta, sannan ya ɗauko sabuwar wayar jan ƙarfe daidai da ita. Yana naɗi leɓensa na motsi, ko sallama ka yi masa sai ya kai ƙarshen layi zai amsa.

Wannan ƙidaya lissafi ce ta gaske. Wutar NEPA tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, shi kuwa koyil turje wa wannan jujjuyawa yake yi. Ana auna ƙarfinsa da henri, sunan Joseph Henry na Amurka, kuma a wutarmu in ka ninka henrin da 314 ka sami turjiyarsa a om. Cok ɗin dogon kwan fitila, wanda shi ma koyil ne, yana da kusan henri ɗaya, wato om ɗari uku da 'yan kai. Amma ƙaramin koyil mai kashi ɗaya cikin dubu na henri ko sulusin om bai cika ba. Ka jona shi da bolt 230, sai dai tartsatsi da hayaƙi. Shi ya sa ake naɗa waya a kan siraran faifan ƙarfe da aka jera, domin su suke ninka ƙarfin koyil sau ɗaruruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani ba ya yarda da mita ita kaɗai. Mita turjiyar wayar kawai take nunawa, sauran kuwa daga zagaye yake lissafa shi: in aka ninka zagaye biyu, ƙarfin koyil huɗu yake ninkuwa. Ya kuma san cewa taransifomar da aka ƙera wa wutar Amurka, mai juyi 60, takan fi ɗaukar zafi a nan.

Zagaye ɗaya tak in ya goge ya taɓa ɗan'uwansa, zafi zai cinye aikin. Saboda haka yake shimfiɗa takarda tsakanin layi da layi, ya shafe da banish, ya bari ya bushe ƙamas kafin ya yarda a sa wuta.