Wace Na'urar Ƙirgen Tafiya Ta Dace da Jagoran Motar Rali?

Yau za mu ɗan huta da tamaula, mu shiga motar tsere. Sai dai ba kujerar direba za mu hau ba. Ta gefensa za mu zauna, kujerar jagora, mutumin nan da kansa ke sunkuye bisa littafi alhali mota na keta daji kamar za ta tashi sama. A gabansa akwai 'yar na'ura mai nuna lambobi, wadda ke ƙirga nisan da aka ci. Ita ce batunmu: yaya ake zaɓenta, kuma me ya sa ƙwararru ba sa wasa da ita?

Mu fara da abin da ya faru a gasar Dakar ta 2022 a Saudiyya. A zangon farko na sosai, wanda aka yi a kewayen Ha'il, Carlos Sainz na Sifaniya, mutumin da ya ci kambun duniya na rali a 1990 da 1992, ya fito da sabuwar motar Audi mai aiki da lantarki, wadda aka kashe wa maƙudan kuɗi. Inji lafiya lau, tayoyi lafiya lau, amma shi da jagoransa Lucas Cruz da wasu motoci da dama suka yi ta kewaye a wata mararraba suna neman hanya. Fiye da awa biyu suka salwanta. Sainz ya ɗora laifin a kan littafin hanya. Nasser Al-Attiyah na Katar kuwa, da jagoransa Mathieu Baumel, suka bi inda ya dace, kuma tazarar da suka samu a ranar ta taimaka musu har suka ɗauki kofin. Darasin a fili yake: a wannan wasa gudu kaɗai ba ya kai mutum gida.

Ga wanda bai saba da rali ba, bambancinsa da tseren zagaye shi ne babu titin da za a haddace. Abin da masu shirya gasa ke bayarwa littafin hanya ne. Kowane layi a cikinsa yana ɗauke da jimillar kilomita tun daga tashi, da nisan da ke tsakanin wannan alama da wadda aka bari, sai ɗan zane mai nuna inda za a karya, wani lokaci da lambar digiri ta kamfas. Littafi zai ce a kilomita 84.30 a bar babbar hanya a bi ta hagu. To idan na'urarka ta nuna 84.30 alhali kana da sauran mita 400 kafin wurin, kuma Allah Ya sa akwai wata 'yar hanya ta hagu a nan, shi ke nan, ka shiga da ƙarfinka. Duk layin da ya biyo baya zai zame maka tatsuniya.

Mutanen Agadas sun san wannan wasa tun kafin da yawanmu su gan shi a talabijin. Shi kansa wanda ya ƙirƙiro gasar Dakar, Thierry Sabine, ɓata ya yi a kan babur cikin sahara a 1977, lokacin tseren Abijan zuwa Nis. Daga wannan wuya ya samo tunanin gasar da ta tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978. Shekara da shekaru ayarin ya yi ta ratsa Nijar, yana yada zango a Agadas, har a 1997 aka tsara hanyar gaba ɗaya daga Dakar zuwa Agadas a komo Dakar. A 1982 kuwa duniya ta sha labarin Mark Thatcher, ɗan firaministar Birtaniya ta lokacin, wanda ke jagora a wata Peugeot 504, ya yi kwana shida ba a san inda yake ba a saharar Aljeriya. Madugun ayarin gishiri mai zuwa Bilma yana lissafi da kwanaki da taurari, yana da lokacin tsayawa ya duba. Jagoran rali aikin madugu yake yi, amma a cikin daƙiƙu, kuma lambar da ke gabansa ce tauraronsa.

Na'urorin farko da suka yi suna na kamfanin Halda ne na ƙasar Suwidin. Ba lantarki ke ƙirga musu ba, haƙoran ƙarfe ne da ke juyawa da wayar da ke kai wa agogon gudun mota. In kana son daidaita ta, sai ka kwance ka sauya haƙoran da wasu masu girma daban. Sunan ɗaya daga cikinsu, Tripmaster, shi ne har yau 'yan wasan ke kiran kowace irin wannan na'ura da shi. Yanzu kasuwa ta koma ta lantarki. Akwai Terratrip da Brantz na Birtaniya, akwai Monit ta Niyu Zilan, akwai Blunik ta Sifaniya, masu babur kuma sun daɗe da ICO. Kowanne yana da masoyansa, kuma ba talla muka zo yi ba. Tambayoyin da za ka yi wa kanka kafin ka zura hannu a aljihu su ne abin dubawa.

Ta farko: wane irin rali za ka shiga? Domin iri uku ne, kuma buƙatunsu sun sha bamban. A ralin zango-zango, irin na gasar duniya da Safari ta Kenya, jagora yana karanta bayanan kwana da gangare da suka rubuta da hannunsu lokacin zagayen duba hanya. A nan na'urar ta fi amfani wajen rubuta bayanan, da kuma kan titin jama'a tsakanin zango da zango, inda dole a isa shingen alƙalai a daidai mintin da aka yanka. Abin mamaki ma, a gasar duniya wanda ya riga lokaci ya fi wanda ya makara shan hukunci. Mai irin wannan wasa, na'ura mai nisa biyu da agogo mai kyau ta ishe shi.

Iri na biyu shi ne ralin daidaita gudu, wanda masu tsofaffin motoci suka fi yi, kamar na tarihi da ake yi a Monte Carlo. Ba a neman wanda ya fi sauri. Za a ce ka riƙe matsakaicin gudun da yawanci ba ya wuce kilomita 50 a awa, alƙalai kuma suna ɓoye a inda ba ka sani ba suna ɗaukar lokacinka. A wannan gudu mota na cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan kuskuren mita 14 kacal ya jawo maka makin hukunci. Mai wannan wasa yana buƙatar na'urar da ke ƙirga mita ɗai-ɗai, ba goma-goma ba. Amma ya fara karanta dokar gasar, don wasu gasannin tsofaffin motoci ba sa yarda da na'urar zamani sam, sai irin ta Halda.

Iri na uku shi ne na sahara. A Dakar ta yau masu gasa ne ke ba kowace mota na'urarsu ta tauraron ɗan adam, wadda aka kulle. Ba ta nuna taswira. Kibiyar da ke nuna wurin da ake nema ba ta bayyana sai an matso kusa da shi, wanda ya tsallake wuri kuma a ƙara masa mintoci. Littafin hanya ma ya koma kan allo, kuma ba a buɗe shi sai 'yan mintoci kafin tashi, don kada manyan ƙungiyoyi su kwana suna nazarinsa da hotunan sama. Wannan ya mayar da nauyin kacokan kan jagora da lissafinsa.

Tambaya ta biyu, kuma a nan gizo ke saƙa: daga ina na'urar za ta riƙa samun ƙirgenta? Hanya biyu ce. Ko dai daga juyin taya, ko daga tauraron ɗan adam. Ta taya, ana ɗaura ɗan ƙarfe mai maganaɗisu kusa da notocin da ke bayan ƙafar mota, duk notin da ya gifta ya ƙirga ɗaya. Mu ɗauka kewayen taya mita 2 ne, notoci kuma 4. A kilomita ɗaya taya za ta juya sau 500, na'ura ta ƙirga 2,000. Lissafi mai tsabta, kuma ba ruwansa da gajimare ko inuwar itatuwa. Matsalar ita ce taya ba kullum take faɗin gaskiya ba. In ta yi ta juyawa a banza cikin rairayi ko taɓo, na'ura za ta ƙara maka nisan da ba ka yi ba. In birki ya kama ta ta ja ƙasa, za ta rage. In aka sace iska don hawa tuddan rairayi, ko taya ta ci ta siɗe, ko aka sa sabuwa bayan faci, lissafi ya motsa. Shi ya sa a mota mai ja da ƙafa biyu ake ɗaura ƙarfen a ƙafar da inji ba ya ja. Mai ja da ƙafa huɗu kuwa ba ta da wannan mafita.

Ta tauraron ɗan adam ba ta san da juyin banza ba, ba a kuma huda komai wajen ɗaura ta. A fili fetal irin na saharar Tenere ita ce sarauniya. Amma shiga kurmi da ita, ko kwazazzabo mai tsayin bango, ko ramin da aka haƙa cikin dutse, sai ta fara dabur-dabur. Sannan a duba sau nawa take karɓar saƙo a daƙiƙa. Mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin fiye da mita 33 a daƙiƙa. Na'urar da ke duba matsayinta sau ɗaya a daƙiƙa za ta riƙa yanke kwana a lissafinta, a hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe ta ba ka nisa ƙasa da na gaskiya. Mai duba sau 10 ta fi ta nesa ba kusa ba. Shawara a nan ita ce a nemi wadda ke karɓar hanyoyin biyu, in ɗaya ta gaza a juya zuwa ɗayar da maɓalli guda.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar, wanda sababbin shiga ke yawan tsallakewa. Ba ainihin nisan da ke ƙasa kake nema ba. Abin da kake nema shi ne na'urarka ta yi baki ɗaya da ta mutumin da ya rubuta littafin. In motarsa ta ƙirga kilomita ɗaya da 'yar ƙari, to kilomitar gasar ke nan, ko da injiniyoyin duniya sun taru sun ce ba haka ba ne. Don haka ne gasanni da yawa ke ware wani yanki da aka auna, kowa ya je ya bi ya daidaita tasa. Kada a raina wannan. Saɓanin kashi 1 cikin 100 mita 100 ne a kilomita 10, kilomita guda cur a kilomita 100. Na'urar kirki za ta bar ka ka daidaita ta cikin sauƙi, ta kuma adana maka lissafi fiye da ɗaya, na tayar kwalta daban, na tayar rairayi daban.

Ko an daidaita, kuskure zai riƙa taruwa a hanya, domin direbanka ba zai bi sawun marubucin littafi taku da taku ba. Saboda haka ƙwararren jagora ba ya barin alama tabbatacciya ta wuce, ko rijiya ce ko gada, sai ya dawo da lambarsa daidai da ta littafi. A nan ake gane na'urar da aka yi don tsere da wadda aka yi don kanti. Za ka iya ƙara ko rage mita 10 da yatsa ɗaya, sanye da safar hannu, mota na tsalle? Akwai maɓallin ƙafa ko na hannu da zai mayar da ƙaramin nisa sifili ba tare da ka saki littafi ba? In kun yi kuskuren kwana kuka juyo, tana iya ƙirgawa da baya ta goge abin da kuka ƙara? Lambobinta suna karantuwa da tsakar rana, da dare kuma ba sa kashe ido? Wadda sai an shiga shafi uku kafin a gyara lamba ɗaya, ko kyauta aka ba ka, bar ta a gida.

Saura aikin mai riwaya. Yawancin abin da ake cewa na'ura ta lalace, waya ce ta tsinke ko ta kwance. A ba ta layin wutarta da fis ɗinta, a nisanta wayar ƙirge daga wayoyin fulogi don kada ta ɗauki ƙirgen ƙarya, a kuma kare ta daga duwatsun da taya ke watsowa. Masu tafiya mai nisa sukan ɗaura biyu, ɗaya ta taya ɗaya ta tauraro, don in sun saɓa a san akwai magana. Mai koyo kuma da aljihunsa bai yi nauyi ba, manhajar wayar hannu za ta fisshe shi a farko, muddin ya san waya kan ɗau zafi a rana ta ɗauke, kuma allon shafawa ba ya jituwa da ƙura da girgiza.

To, jama'a, in za a bi tawa, ga jerin: dokar gasa tukuna, sai irin ƙasar da za a taka, sai sauƙin gyara lamba, farashi da yawan kwalliya su zo daga ƙarshe. Wanda zai zauna a kujerar shi ya kamata ya zaɓa, ba direba ba, ba kuma mai ɗaukar nauyi ba. In an saya, a fita da ita hanya tun kafin ranar gasa, a yi ta gwaji har yatsu su san maɓallan ba tare da ido ya duba ba. Jagora mai tsohuwar na'urar da ya saba da ita zai riga mai sabuwa dal da ke lalube isa shinge.