Yabo da Zambo a Waƙoƙin Tupac Shakur

Ana iya kasa wasu waƙoƙin mawaƙin Amurka Tupac Shakur (1971–1996) gida biyu, na yabo da na zambo. Sai dai fasaharsa ta fi bayyana inda jigogin biyu suka cuɗanya. A "Dear Mama" (1995), wadda ta fito yana kurkuku, ya yabi mahaifiyarsa Afeni, tsohuwar 'yar ƙungiyar Black Panther, bai kuwa ɓoye jarabarta ta hodar iblis ba. Ambaton aibin nan shi ya raba yabon da tumasanci. "Hit 'Em Up" (1996), zambon da ya yi wa Notorious B.I.G., ta rasa wannan ma'auni: babu habaici, babu sakaya zance, sai zagi tsirara.