Jinjina ga Malaman Zaure Masu Karantar da Risala

Ɗalibin shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo yakan shiga fannin ɓarna da biyan diyya ta littafin Kodilinye, ya haddace ƙarar nan ta 1932, wadda wata mata a Sikotilan ta ce ta ga dodon koɗi cikin kwalbar lemonta. Yaron Sabon Birni ko Isa kuwa tun a zaure ya san fannin, gaban malamin da ke biya masa Risalar Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a 996.

Allah gafarta Malam, ai kun yi aiki! Ku kuka koya wa mutanen Gobir cewa in shanu suka afka gona da dare, mai su ne zai biya, in da rana ne kuwa, tsaron gona na kan mai gona. Hukunci gajere, amma a fadamar Rima, inda gero da garke ke gogayya kowace kaka, ya sha kashe wutar da ta kusa cin ƙauye. Babu albashi, babu allon sanarwa, tabarma ce kawai da buzu, ana fassara Larabci zuwa Gobiranci kalma bayan kalma har kiran Magariba.