Hifnosis ko Tattaunawa: Wanne Ke Raba Mutum da Sigari?

A shekarar 1970 wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin New York, Herbert Spiegel, ya wallafa wata hanya ta raba mutum da sigari a zama ɗaya tak. Akan sa mai shan tabar ya tattara hankalinsa wuri guda har jikinsa ya saki, kamar mai gyangyaɗi amma kunnensa na ji, sannan a yi ta nanata masa cewa hayaƙin nan guba ne ga jikinsa. Wannan shi ake kira hifnosis. Ba abin mamaki ba ne da ya samu kasuwa, domin wanda ya shekara ashirin yana busa hayaƙi zai so a ce masa gobe ya warke.

Sai dai shaida ba ta mara masa baya sosai ba. A 2019 cibiyar Cochrane ta tattara bincike 14 a kan batun, ta kuma ce babu isasshiyar hujjar da ke nuna cewa hifnosis ya fi sauran hanyoyin barin taba. Ga shi kuma ba kowa yake kamawa ba, kamar yadda ma'aunin da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1959 ya nuna. Shi kansa shahararren likitan ƙwaƙwalwa Sigmund Freud da hifnosis ya fara aiki, daga baya ya ajiye shi, ya koma sauraren majinyatansa.

Jinya ta tattaunawa, musamman irin wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya aza wa tubali a shekarun 1960, tana tafiya ne a hankali. Ana tambayar mutum: yaushe hannunka ke kai wa ga kwalin sigari? Bayan cin abinci? In ranka ya ɓaci? Ko in ka zauna da abokai? Sai a bi waɗannan lokutan ɗaya bayan ɗaya, a shirya abin da zai yi in marmarin ya taso, har da yadda zai miƙe in ya zame ya sake sha. A ganina nan ne fifikonta yake. Ido biyu aka koyi ɗabi'ar, ido biyu jarabar za ta dawo, a ranar da likita ba ya kusa, kuma wanda aka tattauna da shi yana da abin riƙewa a ranar.

Ban ce hifnosis shirme ba ne. Nazarin masanin halayyar ɗan Adam Irving Kirsch na 1995 ya nuna yana iya ƙara wa jinyar tattaunawa ƙarfi in an haɗa su. Ita ma tattaunawar ta fi tasiri in an haɗa ta da magungunan da ke rage ƙishirwar nikotin.

Taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Mai neman rabuwa da ita ya fara da ƙwararren da zai saurare shi mako bayan mako, ya kuma yi hattara da duk wanda ya yi masa alkawarin waraka a zama ɗaya.